Louis Armstrong: Mai Busa Kakakin da Ya Ƙi Zama Ɗan Amshin Shata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katagum da ke Azare ranar hawan Sallah ya san kakaki ba abin wasa ba ne. Kayan sarauta ne, kuma da zarar an ji amonsa jama'a sun san sarki ya fito. Wannan kalma ce Hausawa suka laƙaba wa mai magana da yawun hukuma. Rayuwar Louis Armstrong, baƙar fatar Amurka da ya yi fice a kiɗan jaz, ta haɗa ma'anonin biyu. Ya shafe fiye da shekara 50 yana busa kakakin Turawa, ya kuma wakilci gwamnatin ƙasarsa a ƙetare, amma bai taɓa jinginar mata da bakinsa ba.

An haife shi ranar 4 ga Agusta, 1901, a wata unguwar talakawa ta birnin New Orleans a jihar Louisiana. Mahaifinsa ya bar gidan tun yana jinjiri, don haka ya tashi a hannun kakarsa, daga baya ya koma wurin mahaifiyarsa. Tun yana yaro ya shiga fafutukar neman na sawa a baki: sayar da jarida, tallar kwal, da taya iyalin Karnofsky, wasu Yahudawa da suka yi hijira daga Lithuania, sana'ar jari-bola.

A daren 31 ga Disamba, 1912, ya ɗauki bindigar mijin mahaifiyarsa ya harba sama don murnar sabuwar shekara. Aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙen fata. Wani hanin ga Allah baiwa ne, domin a can ne malamin kiɗa Peter Davis ya koya masa busa, har ya zama jagoran 'yan badujalar gidan kafin a sallame shi a 1914.

Bayan fitowarsa ya zama yaron Joe Oliver, wanda ake wa laƙabi da King, gwanin busa na New Orleans a wancan zamani. A 1922 Oliver ya kira shi Chicago, kuma daga nan likafa ta ci gaba. Faya-fayen da ya naɗa tsakanin 1925 da 1928 tare da ƙungiyoyinsa na Hot Five da Hot Seven su suka sauya fasalin jaz. Kafin zuwansa, makaɗa kan yi busa ne tare, kowa na saƙa nasa cikin na ɗan'uwansa. Shi ya ɗaukaka tsarin da mutum ɗaya zai fito fili ya ƙirƙiri salo nan take, sauran suna rufa masa baya. A 1925 kuma ya yi wa Bessie Smith, sarauniyar waƙoƙin buluz, rakiya da busa. Buluz waƙoƙin koke ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, kuma daga cikinsu ne jaz ya tsotsi nono.

Armstrong mutum ne mai barkwanci. A kan dandali yakan yi ta zolaya da kwaikwayo, yana share gumi da farin hankici, bakinsa har kunne. Yana kuma da sha'awar wasanni. A 1931 ya ɗauki nauyin wata ƙungiyar besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da kulki, a garinsu, har ya ɗinka mata kayan wasa. Sai dai wannan fara'a ta jawo masa zargi. Wasu matasan makaɗa baƙaƙen fata da suka taso a shekarun 1940 sun ɗauke shi wawan sarki, mai yi wa fararen fata dariya alhali 'yan'uwansa na shan wariya.

Watan Satumba na 1957 ya ba da amsar wannan zargi. A garin Little Rock na jihar Arkansas, Gwamna Orval Faubus ya girke dakarun jiha don hana yara baƙaƙen fata tara shiga makarantar sakandare ta fararen fata, duk da hukuncin kotu. A lokacin ana shirin tura Armstrong Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnatin Amurka, domin hukumomin Washington sun gano cewa kiɗan jaz na buɗe ƙofofin da jakadu ba sa iya buɗewa. Da wani matashin ɗan jarida ya same shi a masaukinsa a Grand Forks, sai ya amayar da abin da ke cikinsa. Ya zargi Shugaba Dwight Eisenhower da fuska biyu da rashin ƙarfin hali, ya caccaki gwamnan, ya kuma bayyana cewa ya fasa tafiyar, tunda ba shi da amsar da zai ba baƙi idan suka tambaye shi halin da ƙasarsa ke ciki.

Maganar ta yi nauyin da sai da aka mayar masa da rubutun ya duba, ya kuwa rattaba hannu a kai. Da manajan tafiye-tafiyensa ya yi ƙoƙarin shaida wa manema labarai cewa maigidan ya yi nadama, Armstrong ya fito ya ƙaryata shi. Wasu gidajen rediyo suka daina sa faya-fayensa. Bayan 'yan kwanaki Eisenhower ya tura sojojin tarayya suka raka yaran makaranta, sai Armstrong ya aika masa da saƙon telegiram yana yaba masa. Yadda bai ji tsoron suka ba, haka bai ji nauyin yabo ba da aka yi daidai.

Wannan saɓani bai raba shi da yi wa ƙasarsa hidima ba. Tun a 1956 ya ziyarci Gwalkwas, wadda ta zama Ghana shekara guda bayan haka, inda ya gana da Kwame Nkrumah. A watan Oktoba na 1960, makonni kaɗan bayan Najeriya ta sami 'yancin kai, ya faro wani dogon rangadi a Afirka, wanda kamfanin Pepsi-Cola ya ɗauki nauyin farkonsa, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauki sauran. A wannan tafiya ce ya zo Kaduna ya gana da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Rangadin ya zo masa da rashi: Velma Middleton, mawaƙiyar da suka daɗe suna barkwanci tare a dandali, ta kamu da shanyewar jiki a Saliyo, ta mutu a Freetown a watan Fabrairu na 1961.

Garin haihuwarsa ma bai tsira daga matsayinsa ba. Da jihar Louisiana ta kafa doka a 1956 ta hana baƙi da fari yin wasa a dandali ɗaya, ya ƙaurace wa New Orleans, domin ƙungiyarsa ta haɗa launukan biyu. Bai sake yin wasa a can ba sai a 1965, bayan dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta wariya.

Tsufa bai rage masa kasuwa ba. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta ture ƙungiyar Beatles daga matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Duk da dukiyar da ya tara, ya ci gaba da zama da matarsa Lucille a wani madaidaicin gida a unguwar Corona ta birnin New York, cikin ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi. A can rai ya yi halinsa ranar 6 ga Yuli, 1971, yana da shekara 69.

A yau gidan nan ya zama gidan tarihi. Birnin da ya tsare shi yana yaro, ya kuma hana ƙungiyarsa wasa yana babba, shi ne a 2001 ya raɗa wa babban filin jirgin samansa sunan Louis Armstrong.