William Huggins: ɗan kasuwar da ya karanta taurari daga haskensu

A shekarar 1835, masanin falsafar nan na Faransa, Auguste Comte, ya yanke hukuncin cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba, tunda babu mai iya isa gare su. Ba a cika shekara 30 ba sai ga wani tsohon mai sayar da yadi a Landan ya warware wannan magana daga bayan gidansa.

An haifi William Huggins a ranar 7 ga Fabrairu, 1824. Bai shiga jami'a ba. Shagon iyayensa ya riƙe. A tsakiyar shekarun 1850 ya bar kasuwanci, ya koma unguwar Tulse Hill, inda a 1856 ya gina ɗakin duban taurari da kuɗin aljihunsa.

Abin da ya sauya masa alkibla ya fito ne daga Jamus. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna cewa idan aka ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan baje kamar bakan gizo, kuma kowane sinadari yana da layukansa na daban a ciki, tamkar zanen yatsa. Huggins ya gane cewa hasken tauraro ma zai iya tona asirin abin da ke cikinsa. Sai ya haɗa kai da maƙwabcinsa William Allen Miller, farfesan kimiyyar sinadarai, suka ɗaura na'urar tsaga haske a jikin madubin hangen nesa, suna kwatanta layukan taurari da na sinadaran da suke ƙonawa a ɗakin. A 1864 suka bayyana cewa akwai ƙarfe da sodiyam da haidirojin a taurari, irin waɗanda ke doron ƙasa.

A daren 29 ga Agusta na wannan shekara, ya juya madubinsa ga wani dusu-dusun haske da ake kira Idon Kyanwa. Masana sun daɗe suna gardama ko irin waɗannan tarin taurari ne masu nisan gaske. Maimakon cikakken bakan gizo, 'yan layuka masu sheƙi kawai ya gani, alamar iskar gas mai zafi. Nan ya tabbata cewa wasunsu gajimaren gas ne.

Ba kullum yake dacewa ba. A 1868 ya yi ƙoƙarin auna gudun tauraron Sirius daga gocewar layukansa, ya ce yana nisantar duniya, alhali kusantowa yake yi. Lissafin ya kuskure, amma hanyar ta tsaya da ƙafarta, kuma da ita aka gano daga baya cewa sararin samaniya yana faɗaɗa.

A 1875 ya auri Margaret Lindsay Murray, 'yar Dublin, wadda ta zama abokiyar aikinsa ta haƙiƙa. Tare suka ƙware wajen ɗaukar hoton hasken taurari, suka kuma wallafa kundin hotunan a 1899 da sunayensu biyu. Masana tarihi na yau suna ganin rabonta a aikin ya fi abin da aka yaba mata a zamaninta.

Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma ta Sir a 1897, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana ta Royal Society daga 1900 zuwa 1905. Ya rasu a ranar 12 ga Mayu, 1910, yana da shekara 86. Koren layin da ya gani a Idon Kyanwa ya ci gaba da ɗaure wa masana kai har 1927, lokacin da Ira Bowen ya gano cewa iskar oksijin ce.