Ignaz Semmelweis: Likitan da aka juya wa baya saboda ya ce a wanke hannu

A yau, a ɗakunan haihuwa na Tasawa da Mayahi da Maraɗi, ƙa'ida ce unguwarzoma ta wanke hannu kafin ta taɓa mai naƙuda. Sai dai likitan da ya nuna cewa hakan na ceton rai ya mutu ne a wulaƙance.

An haifi Ignaz Semmelweis a shekarar 1818 a Buda da ke ƙasar Hungary. A 1846 ya kama aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Vienna, inda ya tarar da ɗakuna biyu. A na likitoci da ɗalibansu, zazzaɓin bayan haihuwa na kashe kusan mace 1 cikin 10. A na unguwarzoma kuwa, mace-macen ba su kai rabin haka ba.

A 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙa ta yanke shi ana binciken gawa, kuma ciwon nasa ya yi kama da na matan. Nan Semmelweis ya gano bakin zaren: ɗalibai na tasowa daga kan gawa su duba masu naƙuda, alhali unguwarzoma ba sa taɓa gawa.

A watan Mayu ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kashi 18 cikin 100 a Afrilu suka sauko zuwa kusan kashi 2 a Yuni.

Duk da haka, manyan likitoci da dama sun ƙi yarda. Lokacin ba a tabbatar da aikin ƙwayoyin cuta ba, kuma sun ga cin fuska ne a ce hannunsu ke kashe mata. A 1849 aka ƙi sabunta masa aiki, daga baya ya koma gida. Littafin da ya fitar a 1861 ma ya sha suka.

A 1865 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Vienna, inda ya rasu ranar 13 ga Agusta yana da shekara 47. Sai bayan mutuwarsa binciken Louis Pasteur da Joseph Lister ya gaskata shi.

Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 5 ga Mayu don tsaftar hannu, kuma tana ƙarfafa wa majinyata da masu jinyarsu gwiwar tuna wa ma'aikacin lafiya ya wanke hannu kafin ya taɓa su.