Abubakar Imam: Editan da ya koya wa Arewa karanta jarida da yi mata martani

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Wanda aka ɗora a kujerar edita matashi ne ɗan shekara 27 ko 28, tsohon malamin makarantar Midil ta Katsina, Malam Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Ya fara fice ne a gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Dakta Rupert East ya shirya, inda ya shiga da Ruwan Bagaja. Daga baya Magana Jari Ce ta biyo, wadda har yau ake karantawa a makarantu daga Kazaure zuwa Maraɗi.

Sai dai aikin jarida ne ya fi gwada shi. Turawan mulki sun kafa Gaskiya a lokacin da yaƙin duniya na biyu ke ƙaratowa, jita-jita ta cika kasuwanni, suna son bakin da zai isar da nasu bayanin. Imam ya karɓi aikin, amma bai tsaya nan ba. Ya ba wasiƙun masu karatu fili: malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka riƙa rubutowa, wani ya kawo ƙorafi, wani ya musanta, edita ya tsoma baki. Mutanen da suka saba a karanta musu sanarwa su yi shiru, sai ga su suna koyon kafa hujja a rubuce, da Hausa mai sauƙi. A ganina wannan fili ya fi yawancin labaran yaƙin da jaridar ta buga amfani.

Matsayin nasa da wuya. Albashinsa daga gwamnati yake fitowa, sarakuna na sa ido, matasa 'yan boko kuma na son ya ƙara zafi.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Da Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, abin da har yanzu masana tarihi ke muhawara a kai. Amma a tafiyar ce ya gana da Lord Lugard, ya bayyana masa koken Arewa kan ƙarancin ilimi da yadda ake watsi da ra'ayin matasa masu karatu. Labarin tafiyar ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilimi.

Ya bar kujerar edita a farkon shekarun 1950, ya shiga majalisa, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Ya rasu a Zariya a 1981.