IBNU NAFIS, MALAMIN FIƘIHU DA YA GANO HANYAR JINI CIKIN HUHU

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, sunan wannan bawan Allah Ala'uddini Aliyu ɗan Abil Hazmi, wanda ya shahara da Ibnu Nafis. An haife shi a ƙasar Sham wajejen shekara ta 1210 Miladiyya. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri na birnin Dimashƙa, a gaban malaminsa Addakhwar. Daga nan ya yi ƙaura zuwa Alƙahira, ya yi ta ɗaukaka har ya zama shugaban likitocin Masar, yana kuma karantar da fiƙihun Shafi'iyya a makarantar Masruriyya. A zamaninsa ne mutanen Kanem, magabatan daular Barno wadda daga baya ta kafa Birnin Gazargamu a kwarin Komadugu, suka gina makarantar Ibnu Rashiƙ a Masar domin ɗalibansu da alhazansu. Ke nan ɗaliban ƙasarmu sun zauna gari guda da shi.

Domin mu san girman aikinsa, sai mu dubi ƙirjinmu. Allah ya kewaye zuciya da huhu da haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe. Bakwai na sama a kowane gefe suna haɗe da ƙashin ƙirji, uku suna rataye da guringuntsi, biyu na ƙasa kuwa bakinsu a sake yake. A ƙarƙashinsu akwai wani faifan nama mai raba ƙirji da ciki, wanda likitocin Larabawa suke kira hijabi. Idan ya tsuke ya sauka, haƙarƙari suka ɗaga, sai ƙirji ya buɗe iska ta shiga. Idan ya saki, iska ta fita. Haka yake yi ko muna barci.

To, ina iskar take gamuwa da jini? Jalinus, babban likitan Yunanawa, ya ce jini yana ratsa wasu ƙananan ƙofofi a bangon da ke tsakiyar zuciya, Ibnu Sina ma ya bi shi a kan haka. Fiye da shekara 1000 ana karantar da wannan magana. A shekara ta 1242 Ibnu Nafis ya wallafa Sharhu Tashrihil Ƙanun, ya bayyana cewa bangon a toshe yake, babu wata ƙofa. Jini yana fita daga ɗakin dama na zuciya ya tafi huhu, ya cuɗanya da iska, sa'an nan ya dawo ɗakin hagu. Girman magabata bai hana shi faɗin gaskiya ba. An daɗe da mance wannan aiki, sai a 1924 wani likita Bamisire, Muhyiddini Attatawi, ya tarar da littafin a birnin Balin na Jamus.

Ya nufi rubuta littafinsa Asshamil cikin mujalladi 300, ya kammala 80. An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa wasu likitoci sun ba shi shawarar shan giya domin magani, ya ƙi, don ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira cikin Zulƙida, shekara ta 687 Hijira, daidai da 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

Ya ƴan'uwa, idan hunturu ya kama, ƙura ta rufe Diffa, yara da tsofaffi suna fama da tari da sarƙewar numfashi. Malamai sun ce sanin likitanci farilla ce ta kifaya, idan al'umma ta bar shi, laifi ya hau kan kowa. Kada mu cire ɗa ko ɗiya daga makaranta da zaton boko zai raba su da addini, ga fakihi likita ya haɗa biyun.

Allah ya jiƙansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.