Likita James Lind, Wanda Ya Gwada Magani Kafin Ya Yaba

A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, babu abin da ya fi ƙarar da matuƙa kamar ciwon nan da Turawa ke kira sikabi. Dasashin mutum ya kumbura yana jini, haƙora su yi ta girgiɗi, jiki ya mutu. Kowane likita da nasa magani, amma ba a tabbatar da na gaskiya ba.

An haifi James Lind a birnin Edinbara ta ƙasar Sikotilan a 1716, ya kama aikin likita a jiragen yaƙin Ingila. A watan Mayu na 1747, cikin jirgin Salisbury, ya zaɓi majinyata 12 waɗanda ciwonsu ya yi kusan daidai. Ya kwantar da su wuri guda, abincinsu iri ɗaya, don kada wani abu ya bambanta su sai magani. Sa'an nan ya kasa su biyu-biyu. Waɗansu ya ba su giyar tuffa, waɗansu ɗigon asid, waɗansu ruwan tsami, waɗansu ruwan teku, waɗansu haɗin tafarnuwa da kayan yaji. Biyun ƙarshe kuwa kullum lemon zaƙi biyu da na tsami ɗaya.

Bayan kwana shida lemo ya ƙare, amma ɗayansu ya riga ya koma bakin aiki, ɗayan kuma shi aka sa jinyar sauran. Gani ya kori ji.

Lind ya buga littafinsa a 1753, ya zama babban likitan asibitin Haslar a 1758. Shi kansa bai gane asalin ciwon ba, har ya shawarta a dafa ruwan lemo don ajiya, alhali wuta tana lalata sinadarin da muka sani yanzu da sunan bitamin C. Ya rasu a 1794, sai a 1795 hukumar jiragen yaƙi ta fara raba wa matuƙa ruwan lemo.

Mutum biyu a kashi sun yi kaɗan, shi ya sa masu bincike na yanzu sukan ɗauki jama'a da yawa, su raba su da ƙuri'a. Amma harsashin yana nan: a daidaita kome, a sāke abu ɗaya, a kwatanta, a rubuta abin da aka gani. To, jama'a, in an yabi wani magani a gabanmu, sai mu tambaya da wane aka gwada shi.