Geoffrey Barkas, Mai Fim Ɗin Palaver

An haifi Geoffrey Barkas a Richmond ta ƙasar Ingila cikin shekarar 1896. Yana saurayi ya shiga soja, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Galifoli da Faransa, har aka ba shi lambar jarumta. Da yaƙi ya ƙare sai ya kama sana'ar fim, a zamanin da hoto ke motsi amma ba ya magana, sai dai a rubuta zancen a nuna wa 'yan kallo.

Abin da ya haɗa shi da ƙasarmu shi ne Palaver, wanda ya fito a 1926, aka kuwa ɗauke shi a tsaunukan Filato tsakanin Surawa da Angasawa. Masana da yawa suna ƙidaya shi dogon fim na farko da aka yi a Nijeriya. Labarin soyayya ne: Di'o da wani Baturen haƙar kuza suna takara a kan wata nas. Da mai kuza ya ga zai sha kaye, sai ya yi ta ɗura wa sarkin wurin giya, ya zuga shi ya tayar da fitina. Haddon Mason ne ya fito Di'o, Hilda Cowley kuwa nas.

Soyayyar kam ba ta da wani armashi. Daɗin fim ɗin yana ga duwatsu da ƙauyuka da fuskokin mutanen ƙasar, waɗanda ba su taɓa koyon wasa ba, amma su ne ido ke bi. Sai dai Barkas ya yi musu rashin adalci, domin ya mai da su tamkar yara masu jiran Bature ya cece su. Don 'yan kallon Ingila aka shirya shi. Talakan Sabon Birni ko Isa na wancan lokaci ta wajen haraji da jangali ya san Di'o, ba ta wajen neman aure ba.

A 1936 fim ɗinsa Wings Over Everest ya ci kyautar Oscar. A Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗora shi kan sashen ɓad da kama na sojan Ingila a Masar, inda a 1942 mutanensa suka ƙera tankokin ƙarya suka ruɗe rundunar Rommel kafin gumurzun El Alamein. Ya rasu a 1979.