Farfesa Adeoye Lambo: Likitan da ya mayar da ƙauyen Aro asibiti

A shekarar 1954, lokacin da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya komo Abeokuta daga Ingila da shaidar ƙwarewa a fannin cututtukan taɓin hankali, ya tarar asibitin da aka damƙa masa bai kammalu ba. Gine-ginen Aro, a bayan gari, suna hannun magina, ɗakunan kwanciya ba su shirya ba, marasa lafiya kuwa kullum sai an kawo su. Ma'aikacin gwamnati na yau da kullum zai rubuta takarda zuwa ma'aikatar lafiya da ke Ibadan, hedikwatar Jihar Yamma ta wancan zamani, ya zauna jiran amsa, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Lambo, yana ɗan shekara 31, ya nufi dagatan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ya roƙe su su ba marasa lafiyarsa hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Daga wannan roƙo aka samu tsarin jinyar da duniya ta sani da sunan ƙauyen Aro.

An haife shi a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a makarantar samari ta Baptist da ke garin, ya wuce Jami'ar Birmingham ya karanta likitanci, sannan ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan, wanda a lokacin shi ne cibiyar horas da likitocin ƙwaƙwalwa mafi daraja a Birtaniya. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa.

Abin da ya tarar a gida ba shi da daɗin ji. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen mahaukata a Kalaba da Yaba tun farkon ƙarni na ashirin, amma manufarsu ita ce kawar da wanda ake ganin zai tayar da hankalin jama'a daga kan titi. Magani kaɗan ne, cunkoso ya yi yawa, wasu ma a gidan yari ake ajiye su tare da masu laifi. A Abeokuta kanta, tsohon kurkukun Lantoro aka mayar wurin tsare masu taɓin hankali a 1944, cikinsu har da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da ruɗewar tunani. Dokar da ke kula da lamarin, wadda aka kafa a 1916, ta fi damuwa da yadda za a kama mutum a tsare shi fiye da yadda za a warkar da shi. Shi ya sa iyali ba sa kai ɗansu irin waɗannan wurare sai sun gaji, sun gama zagaya masu maganin gargajiya, don sun san wanda ya shiga da wuya ya fito.

Bayan ginin akwai kuma tunanin da ya gina shi. Shekara guda kafin dawowar Lambo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa littafin wani likitan Birtaniya da ya yi aiki a Kenya, J. C. Carothers, a kan tunanin mutumin Afirka cikin lafiya da rashinta. Carothers ya tafi a kan cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata daban take aiki, har ya taɓa kwatanta lafiyayyen ɗan Afirka da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke wasu jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. Likitocin wancan zamani da dama sun yarda cewa ciwon damuwa mai tsanani ba ya kama baƙin mutum. Lambo ya yi wa wannan ra'ayi raddi a rubuce, tun daga maƙalarsa ta 1955 a kan tasirin al'ada a cikin wani nau'in taɓin hankali tsakanin Yarbawa. Hujjarsa ita ce cutar ɗaya ce ga ɗan Adam ko'ina yake, al'ada tana canza yadda take bayyana ne da kuma kalmomin da mara lafiya ke bayyana ta da su. Wanda ya ce an yi masa sammu da wanda ya ce ana leƙen asirinsa ta rediyo suna iya kasancewa da ciwo iri guda.

Tsarin Aro ya fara aiki a watan Oktoban 1954 da ƙauyuka huɗu, kuma sharaɗinsa na farko shi ne ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole ne wani nasa, uwa ko 'yar uwa ko goggo, ya zo ya zauna tare da shi, ya dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi wurin likita. Da safe a tafi asibiti a karɓi magani, a yi aikin hannu, da rana ta yi a koma ƙauye a ci abinci a cikin jama'a, a je kasuwa, a ji kiran sallah ko ƙararrawar coci kamar kowa. Akwai ma'aikatan jinya da ke kwana a ƙauyen saboda larurar dare. Ƙauyukan sun kai ga ɗaukar marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300 a lokaci guda, adadin da ba ƙaramin gini ne zai ɗauka ba.

Mutanen ƙauye ba don Allah kaɗai suka yarda ba, kuma Lambo bai yi tsammanin haka daga gare su ba. Tsoro ne ya fara zuwa musu, kamar yadda zai zo wa kowane magidanci da aka ce ya sauki mahaukaci a kusa da 'ya'yansa. Sai aka sanya musu riba a cikin lamarin: kuɗin haya, rancen ƙara ɗakuna, ruwan famfo, masai na zamani, feshin sauro, da aikin yi a asibiti ga matasansu. Dattawan ƙauye suna zama da ma'aikatan asibiti a kai a kai don sauraron koke da yanke shawara. Duk wanda ya taɓa ganin yadda shirin gwamnati ke mutuwa da zarar tawagar da ta kawo shi ta koma Abuja zai gane muhimmancin wannan ɓangare. Masu masaukin suna da abin da za su rasa idan shirin ya rushe, saboda haka suka riƙe shi.

Wasu na ɗauka cewa Aro komawa ce ga gargajiya, alhali kayan aikinta na zamani ne ƙwarai. Ana yin jinyar tartsatsin lantarki a ƙwaƙwalwa, ana amfani da allurar insulin kamar yadda ake yi a Turai a lokacin, ga kuma sababbin magungunan kwantar da ruɗewa irin su Largactil, wanda likitocin Faransa suka fara gwadawa a kan masu taɓin hankali a 1952. Wannan magani shi ne ya sa zaman mara lafiya a cikin jama'a ya yiwu, don yana rage firgita da jin muryoyin da babu su. Sa'ar Lambo ita ce ya zo daidai lokacin da maganin ya fito. Basirarsa kuma ita ce ya lura cewa idan magani ya kwantar da mutum, babu sauran dalilin kulle shi. Ƙasashen Turai da Amurka sun ɗauki shekaru kafin su fara rufe manyan gidajen mahaukatansu bisa wannan hujja. Akwai garin Geel na Beljiyam da ya yi ɗaruruwan shekaru yana saukar masu taɓin hankali a gidajen mutane, amma a can baƙi ne ke riƙonsu, a Aro kuwa dangin mutum ne ke biyo shi.

Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne shigo da masu maganin gargajiya cikin aikin. Ga abokan aikinsa Turawa, da wasu 'yan boko na gida, wannan zubar da mutuncin likitanci ne. Lambo ya dubi abin ta wata fuska. Kusan duk wanda aka kawo Aro ya riga ya biya ta wurin babalawo, kuma zai koma bayan an sallame shi. Mara lafiyar da ya yi imani cewa wani ne ya jefe shi ba zai natsu da ƙwaya kaɗai ba, sai an amsa masa tambayar da ke cin ransa, wato me ya sa shi, me ya sa yanzu. Masu maganin sun san harshen amsa wannan tambaya, sun kuma san tarihin iyalai da rigingimunsu. Ya sanya su jagorantar zaman tattaunawa da wasu al'adun kwantar da zuciya, ƙarƙashin kulawar asibiti. Bincike ya nuna ma cewa ba da baki kaɗai suke aiki ba. Raymond Prince, likitan Kanada da ya yi aiki a Aro, ya wallafa a 1960 cewa masu maganin Yarbawa sun daɗe suna ba mahaukata saiwar wata bishiya da suke kira asofeyeje, dangin tsiron da kamfanonin Turai suka tace maganin reserpine daga cikinsa a farkon shekarun 1950.

Wannan haɗin gwiwa yana da iyaka, kuma bai kamata a yi masa kwalliya fiye da kima ba. Gidajen masu maganin da ba sa ƙarƙashin ido kowa suna ɗaure mutane da mari, suna dukansu, kuma har yau ba a daina ba. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya nuna ana sanya wa masu taɓin hankali sarƙa a cibiyoyin gargajiya da na addini, har da wasu na gwamnati, a sassa daban-daban na Najeriya. Abin da Lambo ya gwada shi ne zaɓen waɗanda za a iya aiki da su, a sa musu ƙa'ida, likita kuma ya riƙe ragamar magani. Masu kafa hujja da sunansa don a bar kowane mai gidan mari ya yi yadda ya ga dama ba su karanta aikinsa ba.

Bai tsaya ga jinya ba, ya nemi hujjar da masana za su karɓa. Ya haɗa kai da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka gudanar da bincike a ƙauyukan Egba da cikin Abeokuta, suka wallafa sakamakon a 1963. Sun gano cewa alamomin ciwon ƙwaƙwalwa tsakanin Yarbawa sun yi kama sosai da waɗanda aka samu a wani yankin karkara na Kanada, ciki har da damuwar da ake cewa ba ta kama baƙar fata. A watan Nuwamban 1961 ya karɓi baƙuncin taron likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka na farko a Abeokuta. Daga baya Ibadan ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyi tara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa don nazarin cutar sikizofireniya, mai raba mutum da gane zahiri, tare da birane irin su Landan, Mosko da Washington. Da aka bibiyi marasa lafiyar bayan shekara biyu, sai aka ga na Ibadan da na Agra a Indiya sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Masana na ci gaba da muhawara a kan dalilin, wasu ma na shakkar hanyar binciken, amma rawar iyali na cikin bayanan da aka fi kawowa.

A 1963 ya koma Jami'ar Ibadan a matsayin farfesa, ya bar Aro a hannun Dokta Tolani Asuni. Ya zama shugaban tsangayar likitanci, sannan shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971, lokacin da yaƙin basasa ya watsa malamai da ɗalibai 'yan asalin Gabas, har da magabacinsa Kenneth Dike. Daga 1971 zuwa 1988 yana hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Suwizalan, inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta, mutum na biyu a hukumar, ƙarƙashin Halfdan Mahler. Zamaninsu ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiyar duniya a kan matakin farko da shigar al'umma cikin aikin. Hukumar da ta buga littafin Carothers ita ce, cikin ƙasa da shekara ashirin, ta ɗauki mai yi masa raddi ta ba shi babbar kujera.

Tsarin ƙauyen kansa bai dawwama yadda aka kafa shi ba. Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, haya ta sami wasu masu nema, asibitin ya cika da gadaje ya zama irin wanda aka tsara tun farko. Gwamnatin Tarayya ta bi hanyar gina manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, irin na Kaduna, Kware da Maiduguri, waɗanda suke aiki gwargwadon ƙarfinsu amma suke nesa da mafi yawan masu buƙata. A 1991, zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma ɗan Abeokuta ne, an sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, sai dai manufar ta fi ƙarfi a takarda. Likitocin fannin a ƙasar, bisa ƙiyasin da ƙungiyarsu ke bayarwa, ba su kai 300 ba ga jama'ar da ta haura miliyan 200.

Lambo ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004, saura kwana 16 ya cika shekara 81. Bai ga ƙarshen tsohuwar dokar mahaukata ba, wadda aka sabunta a 1958 ta ci gaba da aiki har watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, mai kare haƙƙin mara lafiya da neman a kai jinya cikin al'umma. Aiwatar da ita na wuyan ma'aikatar lafiya ta tarayya da jihohi. Kafin nan, a 2020, mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa gwajin da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda aka haɗa ma'aikatan lafiya na matakin farko da masu maganin gargajiya da na addini don kula da masu taɓin hankali. Waɗanda aka yi wa jinyar haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi bayan wata shida, shekara 66 bayan Lambo ya fara neman ɗakin haya a ƙauyen Aro.